Yadda Ake Samun Kiredit a Jami'o'in Amurka da Ilimin da Ka Koya a Wurin Aiki

Digirin farko a Amurka yawanci kiredit 120 ne, kwas ɗaya kuma kiredit uku; kiredit shi ne ma'aunin yawan karatun da ɗalibi ya kammala. Wanda ya daɗe yana aiki zai iya rage wani kaso daga ciki ba tare da ya zauna a aji ba, ta hanyar cin jarrabawa ko nuna hujjar abin da ya koya a wurin aiki.

Kafin ka kashe ko sisi, rubuta wa ofishin magatakardan makarantar da za ka shiga. Ka tambaye su kiredit nawa suke karɓa ta wannan hanya, da kwas ɗin da kowanne zai maye gurbinsa, kuma su amsa maka a rubuce. Nan ake tafka asara: mutum ya ci jarrabawa biyar, sai a ce biyu ne suka shiga digirinsa, sauran an tura su cikin kwasa-kwasan zaɓi da ya riga ya cike. Makarantu da dama kuma sai ka yi kiredit 30 a wurinsu. Thomas Edison State University da Excelsior University sun fi sassauci, don manya masu aiki aka kafa su.

Fara da jarrabawa, ita ce mai araha. Jarrabawar CLEP, wadda ƙungiyar College Board ke shiryawa, tana da darussa 34, yawancinsu minti 90 ne. Maki daga 20 zuwa 80 yake, ACE, ƙungiyar manyan makarantun Amurka, ta ba da shawarar a karɓi 50, amma wata makarantar takan nemi fiye. In ka faɗi, sai bayan wata uku za ka sake zama. Ƙungiyar Modern States na koyar da darussan kyauta ta intanet, har su ba ka takardar biyan kuɗin jarrabawar, don haka kada ka sayi littafi tukuna.

Inda babu jarrabawa, sai kundin hujjoji. Malamin da zai duba ba ya ƙirga shekarunka a bakin aiki, abin da ka iya yake aunawa. Samo manhajar kwas ɗin, ka ɗauki manufofinsa ɗaya bayan ɗaya, ka ajiye hujja a ƙarƙashin kowacce. “Na shekara goma ina riƙe da lissafin kanti” ba ta kawo komai. Rubuta cewa kana daidaita littafin kuɗi da takardar banki duk ƙarshen wata, ka bayyana dalilin da suke saɓawa, misali cakin da ba a kai banki ba tukuna, sannan ka haɗa kwafi, ka goge sunayen abokan ciniki. Wasiƙar shugabanka ma ta faɗi ayyukan da ya ga ka yi da idonsa. Ta yabo, mai cewa kai haziƙi ne mai amana, ajiye ta a gida. Kundi ɗaya, kwas ɗaya. Kuɗin dubawa kuwa ana biya ko an ba ka kiredit ko an hana, kuma irin wannan kiredit bai cika bin mutum ba in ya sauya makaranta.

Tsohon sojan Amurka ya sa a aika wa makarantar takardarsa ta JST, wadda ke nuna horon da ya samu a soja. Mai ND ko HND daga Najeriya ya kai WES, ƙungiyar da ke tantance takardun karatu na ƙasashen waje, su tantance kwas-kwas, domin tantancewar dunƙule ba ta nuna kiredit. A ƙarshe ka karɓi takardar sakamakonka ka duba kowane kiredit ya hau kafin rajistar zango.