Yadda Za A Tsara Gida Don Lafiyar 'Yan Mata Masu Tasowa

Abin da yarinya take gani ana yi a tsakar gida kullum shi ne yake zama mata jiki, don haka duk uwar da take son 'yarta ta tashi da ƙoshin lafiya, tsarin gidan za ta fara dubawa kafin ta kai ga yi wa yarinyar faɗa.

A fara da rabon abinci. Daga lokacin da yarinya ta fara jinin al'ada, jikinta yana rasa sinadarin ayan, wanda jiki yake haɗa jini da shi, kowane wata, kuma idan ba a mayar da shi ta hanyar abinci ba, ƙarancin jini yakan biyo baya, da kasala da jiri, waɗanda sau da yawa ake ɗauka ƙiwa ce. A gidaje da dama, daga Tudun Wada har cikin Birnin Zariya, tsoka mai kyau kwanon maigida take tafiya, sannan na samari, ita kuwa wadda ta hura wutar ta tuƙa tuwon sai ta ƙare da gindin tukunya. Wannan rabo ne ya kamata a sauya. A ware mata kasonta tun da zafi, a yawaita wake da miyar alayyahu da kwaɗon zogale ko rama da ƙuli-ƙuli, a haɗa da hanta idan da hali. Lemon zaƙi ko gwaiba bayan cin abinci yana taimaka wa jiki ya zuƙi ayan, shayi kuwa yana rage zuƙar, saboda haka a jinkirta shi kamar awa 1.

Sai barci. Mai shekara 13 zuwa 18 tana buƙatar awa 8 zuwa 10, alhali ga boko, ga Islamiyya, ga wanke-wanke, ga tashin asuba. A raba aikin dare tsakanin yaran gida duka, a kuma tsayar da lokacin ajiye waya wanda zai hau kan kowa, har da Baba da Mama, domin dokar da iyaye suke takawa ba ta yin ƙarko.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar motsa jiki na minti 60 a kullum ga yara masu tasowa. Tafiya ƙasa zuwa makarantar da take kusa, tare da ƙawaye, da tsallen igiya a tsakar gida sun rage hanya.

Maganar al'ada ita ce kunya take yawan tarewa, musamman tsakanin uwa da 'yar fari. Idan haka ne, a ɗora wa goggo ko yaya wannan nauyi tun kafin jinin ya zo, a koya mata sauya audugar mata bayan awa 4 zuwa 6, da wanke ƙunzugu da sabulu a shanya shi a rana maimakon ɓoye shi da danshi a bayan gado. Nijeriya ta fara rigakafin HPV, wanda yake kare mata daga sankarar bakin mahaifa, a watan Oktoban 2023 ga 'yan shekara 9 zuwa 14, sai a tambaya a asibitin unguwa. Idan kuma jinin ya wuce kwana 7, ko ciwon mara ya hana ta zuwa makaranta, a kai ta wurin likita, ko da ya kama a je Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika.