Yadda Ake Shirya Wurin Da Za A Ɗora Bahon Jakuzi A Tsakar Gida

Masu sayen bahon wanka na ruwan ɗumi, wanda aka fi sani da jakuzi, sukan ɓata lokacinsu wajen zaɓen launi da yawan kujeru, su manta da ƙasar da zai zauna a kai. Alhali nan ne aikin yake. Bahon da aka ɗora a wuri marar kyau yakan tsage daga ƙasa, kuma kamfanoni da yawa ba sa karɓar irin wannan lalacewar a garanti.

Mataki na farko, yi lissafin nauyi. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce. Baho mai ɗaukar mutum biyar ko shida yakan sha kusan lita 1,500, shi kansa ba ruwa yana kai kilo 300, sannan ga mutanen da za su shiga. Ka ga an haura tan biyu ke nan, duk a kan fili mai mita biyu tsawo, mita biyu faɗi. Kowace murabba'in mita za ta ɗauki fiye da kilo 500, dare da rana, shekara da shekaru. Wanda ya taɓa ganin dakalin tankin ruwa ya rufta ya san abin da ake nufi.

Na biyu, zaɓi wurin. Kada ya zama kan shadda ko tsohuwar rijiyar da aka cike, kada kuma ya zama inda ruwan sama ke kwanciya. Nisanci gindin bishiya, don saiwa tana ɗaga daɓe, ganye kuma ya cika maka ruwa. Bar kamar mita ɗaya ta ɓangaren da ƙofar injin take, saboda ranar gyara. Duba irin ƙasar ma: baƙar laka tana kumbura da damina, ta tsattsage da rani, sai an kwashe ta an zuba marmara. A ƙasashe masu tsananin sanyi irin su Kanada, daskarewar ruwan cikin ƙasa ce ke yin wannan ɓarnar.

Na uku shi ne zaɓen abin da za a shimfiɗa, kuma ni dai kankare nake zaɓa. A haƙa ƙasa zurfin santimita 20 zuwa 25, a kwashe ciyawa da saiwoyi, a zuba tsakuwa santimita 10 zuwa 15 a daddaɓe ta sosai. A kafa katako a gefe, a shimfiɗa ragar rodi a ɗan ɗaga ta da ƙananan duwatsu don ta zauna a tsakiyar kankaren, ba a ƙasansa ba. Kaurin kankaren kada ya gaza santimita 10. Haɗin da magina suka saba shi ne buhun siminti ɗaya, kwano huɗu na yashi, takwas na tsakuwa. Daɓe mai mita biyu da rabi kowane gefe zai ci buhu huɗu zuwa biyar. Kafin a zuba, sa mai aikin lantarki ya binne bututun da waya za ta bi. In aka manta, fasa sabon daɓe ba daɗi.

A nan ne ake gane magini na ƙwarai. Sai saman daɓen ya daidaita sarai, ba tudu ba kwari. Tsaya a kansa ya ɗora ma'auni ta kowace kusurwa, kada ka yarda da "ai da ido ma ya yi". In ya karkace, ruwan zai taru gefe guda, nauyin ya koma kan kusurwa ɗaya. Kuma ba a cusa guntun katako ƙarƙashin baho don a daidaita shi, duk gindinsa ne ya kamata ya taɓa ƙasa. Gangaren da ruwa zai bi, a yi shi a ƙasar da ke kewaye.

Bayan an zuba, a riƙa ba shi ruwa safe da yamma na mako guda, musamman lokacin hunturu da iska ke busar da komai. Kankare yana kai cikakken ƙarfinsa ne a kwana 28. Haƙura har lokacin kafin ka cika bahon.

In kuɗin kankare ya yi yawa, tsakuwa zalla a cikin firam tana yi, da sharaɗin ta zama fasasshiya mai kaifi da ke riƙe juna. Mai santsi ta bakin rafi zamewa take yi. Intalok ma yana yi in an daddaɓe ƙasansa da kyau, sai dai yakan lotsa ɗaya bayan ɗaya. Dandamalin katako kuwa, irin wanda ya yawaita a Amurka, ko saman bene, kada ka kuskura sai injiniyan gini ya auna ya amince. Inda gara take da yawa ma katako bai cancanta ba. Ƙaramin baho na roba da ake hurawa bai kai waɗancan nauyi ba, daɓe mai sumul da shimfiɗar soso a ƙarƙashi sun ishe shi.

Ranar da za ka fara cikawa, dakata idan ruwan ya kai rabi, ka auna tazararsa da bakin bahon ta gefe huɗu. In ka ga bambancin ya wuce santimita ɗaya, zubar da ruwan, a gyara ƙasan tukuna.