Yadda Ake Kwance Motar da Ta Yi Hatsari Domin Haɗa Wata a Kumasi

A Ingila akwai kamfanonin da ke sayar da ƙashin mota da gangar jikinta kawai, mai saye kuma ya nemo inji da giya da birki daga wata tsohuwar mota ya ɗaura. Shekaru da dama Ford Sierra ce ake kwancewa domin wannan aiki, da ta yi wuya sai aka koma kan Mazda MX-5. Mu a Kumasi ba mu jiran a aiko mana da ƙashi daga waje, domin masu walda na Suame Magazine, unguwar makanikai da masu sayar da kayan mota, suna iya lanƙwasa bututu su fitar da shi, kuma a wannan unguwa ce aka haɗa wata mota mai suna Turtle 1 a 2013. Abin da ke kayar da matasanmu na Aboabo da Asawase shi ne motar da za a ciro kayan daga jikinta, kuma na ga ƙasusuwan mota masu kyau da tsatsa ta cinye a bakin shago saboda an ɓata wannan mataki.

Ka sayi mota guda cikakkiya. Kada ka sayi inji a wannan shago, giya a wancan, wayoyi kuma a kasuwar kayan mota ta Abossey Okai a Accra, domin kayan da suka yi aiki tare a mota ɗaya sun riga sun san juna, alhali waɗanda aka tsinto nan da can sai an sasanta su, kuma kowace sasantawa kuɗi ce. Kafin ka fita neman motar, ka yanke shawarar inda injin zai zauna. Mafi yawan abin da ke kan titunanmu, irin su Corolla, ƙafafun gaba ne ke jan su, injin yana kwance a gicciye haɗe da giyarsa. Idan irin wannan ka samu, hanya mafi sauƙi ita ce ka ɗauke inji da giya da sandunan ƙafa gaba ɗaya ka dasa su a bayan kujerar direba. Idan kuwa kana son inji a gaba da jan ƙafar baya, sai ka nemi tsohuwar Hilux, ko Nissan Hardbody, ko BMW ta jerin E36. A ganina mai farawa ya tsaya kan Corolla ta 2003 zuwa 2008 mai injin 1ZZ-FE na lita 1.8, domin sarƙa ce ke juya masa lokaci ba bel ba, kuma babu kayansa da za ka nema a Magazine ka rasa. Giyar hannu ita ce zaɓina, ba na ma tattauna wannan da kowa.

Motar da aka buga ta baya ko ta gefe ita ake nema. Wadda ta yi karo gaba da gaba takan zo da fasasshen lagireto da karyayyun ƙafafun inji, wani lokaci har da tsagewa a kaskon giya wadda ba a gani sai an wanke. Wadda ta kife kuma, mai yiwuwa injinta ya ci gaba da juyawa ƙafa a sama, baƙin mai bai kai inda ya kamata ba. Motar da ruwa ya ci kuwa, ko kyauta aka ba ka ka bar ta. Da yawa daga cikin motocin gwanjon Amurka da ke sauka a tashar jiragen ruwa ta Tema sun yi hatsari ne ko sun sha ambaliya, don haka ka ɗaga kafet ka shinshina, ka leƙa ƙarƙashin kujeru ko akwai busasshen taɓo, ka zare fulogin waya guda biyu ko uku ka duba ko haƙoransu sun yi kore. Sannan ka gwada lambar jikin mota, wadda haruffa da lambobi 17 ce a motocin da aka ƙera daga 1981, da abin da ke rubuce a takardu. Wanda ya ce maka takardu suna gida zai kawo gobe, ka ce masa kuɗi ma gobe za su zo.

Kada sifana ta taɓa motar sai ka tayar da ita. Ka bar ta ta yi zafi har fanka ta kama, ka sa na'urar bincike a ramin OBD da ke ƙarƙashin sitiyari, wanda duk motar kasuwar Amurka ke da shi tun 1996, ka rubuta kurakuran da ta nuna. Ka auna matsin kowace silinda, kuma bambancin da ke tsakaninsu kada ya wuce kashi 10 cikin 100. Idan ƙafafunta suna juyawa, ka zaga da ita cikin fili ka shiga kowace giya. Amfanin wannan shi ne, ranar da ka gama haɗi mota ta ƙi tashi, ka san laifin daga hannunka ya fito, ba daga injin ba.

Wayoyi su ne inda na sha wahala. A aikina na farko na bar yara biyu da motar na tafi sallar la'asar, na dawo na tarar sun datse babbar igiyar wayoyi da almakashi daidai inda take ratsa bangon inji, domin su samu sauƙin ɗaga injin. Da na tambaya, babban cikinsu ya ce, “Maigida, ai za a iya ɗaurawa.” An ɗaura ɗin, amma wayoyi masu launi iri ɗaya sun yi yawa, mai wayarin ya kwashe kwanaki yana bin su ɗaya bayan ɗaya. Da muka gama, inji yana juyawa amma ba ya kamawa. Ashe na riga na sayar wa masu gwangwan gangar jikin tare da sandar sitiyari, zoben da ke karanta makulli kuwa yana jikinta. Motocin zamani suna da tsarin hana sata, wanda ya zama dole a kan sababbin motoci a Turai tun 1998: akwai ƙwaya a cikin kan makulli, zoben yana karanta ta, idan lambar ba ta dace da wadda ƙwaƙwalwar inji ta sani ba sai ta hana mai ko wuta. Saboda haka makulli da zobensa da akwatin tsarin da ƙwaƙwalwar, wadda a Magazine ake kira kwantirol bod, su shiga kwali ɗaya, kuma kwalin ya kwana a ɗakinka.

Hanyar da nake bi yanzu ita ce, in cire batir, in jira aƙalla daƙiƙa 90 kafin in kusanci wayoyin jakar iska masu fulogi ruwan ɗorawa, domin akwai sauran wuta da za ta iya fasa ta a fuskar mutum. Daga nan kowane fulogi sai an ɗauki hotonsa yana zaune a gurbinsa, a manna farin tef a ɓangarorinsa biyu, a rubuta lamba ɗaya, a shigar da lambar cikin littafi tare da sunan abin da yake ciyarwa. Igiyar tana fita a ɗunkule, ana janye ta ta cikin ɗakin mota bayan an sauke dashbod. Ƙananan wayoyin da aka ɗaure da noti a jikin ƙarfe su ma a lissafa su, domin guda ɗaya idan ta ɓace tana iya sa agogon mita ya haukace. Agogon mitar ma a ajiye shi, tare da akwatin fis. Rage wayoyin da ba a buƙata, kamar na gilashin ƙofa da na rediyo, sai bayan injin ya tashi a sabon ƙashi, kuma ɗaya ɗaya ake cirewa ana sake tayarwa. Aikin yana cin kwana biyu, tef da alƙalami kuwa ba su kai kuɗin waakye na yaran shago ba.

Sauran kayan ba su da wuyar sha'ani. Kafin ka sauke inji ka auna faɗin da ke tsakanin ƙafafu da tazarar mazaunan inji, ka ba mai walda awon a rubuce. Ka ɗauki fedoji da tukunyar birki da birkin hannu da tankin mai tare da famfonsa, notuna kuma kowane rukuni a ledarsa. Robobin birki da bel ɗin kujera na motar da ta yi hatsari ba na mayar da su, sababbi nake saye. Ƙofofi da fitilu da kujeru da gilasai za su sayu a Magazine su rage maka asara, kuma kada ka bari a karɓi tukunyar tace hayaƙi da ke jikin salansa a farashin ƙarfe, domin akwai filatinam da faladiyam a cikinta. Gangar jikin kuwa ta zauna a rufe da tamfol har sai sabuwar mota ta yi tafiya. Idan kana da niyyar hawa titi da ita, ka je ofishin DVLA, hukumar rajistar motoci, da takardun motar asali tun kafin a fara walda, ka ji abin da za su nema a wurinka.