Masu sabon shiga motsa jiki, don Allah ku rabu da sikeli

Duk bayan sallah sai ka ga stad ɗin Maradi, wato filin wasanni, ya cika da sabbin masu futin, wato gudun motsa jiki, kowa da sabon takalmi, kafin wata guda rabi sun ɓace. Kuma kurakuran su ne dai ba su canzawa, na gaji da faɗa ma mutane ɗaya-ɗaya.

Babba a ciki shi ne sikeli. Mutum ya yi gudu sati biyu sai ya ruga farmasi ya hau sikeli, ya ga kilo bai motsa ba, shikenan wai wahalar banza ce. Haba malam! Nauyin mutum yana hawa da sauka kilo 1 ko 2 cikin yini guda, gwargwadon ruwan da ya sha da gishiri da tuwon daren jiya. Abin da motsa jiki ke maka sikeli bai ganin shi, barci mai daɗi, tansiyo (hawan jini) ta daidaita, suga ya sauka, ka taka daga unguwar Zariya zuwa babbar kasuwa ba ka haki. Ita kanta Hukumar Lafiya ta Duniya abin da ta ce babba ya samu aƙalla minti 150 a sati na motsi matsakaici, da kwana 2 na ƙarfafa tsoka, ba ta yanka ma kowa kilo ba. Je filin kokowa ka ga ƙatti masu nauyi, wa zai ce musu ba su da lafiya?

Na biyu, wanda har yanzu raina ke ɓaci in na gani, saka leda ko rigar ruwa cikin kaya wai zufa ta narkar da kitse. Ni wannan ya taɓa kai ni ƙasa, cikin watan Afrilu, zafi ya haura digiri 40, wani ya ba ni shawarar kuma ban ci komai ba na fita, ban san lokacin da na zube ba sai farkawa na yi ana min ƙarin ruwa, kuɗin magani ya cinye abin da na tara don sayen keke. Zufa ruwa ne da gishiri, lita 1 kilo 1 ce, kana shan ruwa ta dawo. Kitse bai fita ta fata. Ku da kuke ba yara wannan shawara ku ji tsoron Allah, ƙoda kuke wahalar musu.

Ni yanzu bayan asuba nake fita, da gorar ruwa, in na dawo in dama fura in sha abina ba wani lissafi. Furar ba lada ba ce, gudun ma ba hukunci ba ne na abin da ka ci jiya.

Sauran ƙanana ne. Gudu da silifa, gwiwa za ta gaya maka. Shayin rage tumbi da ake talla a WhatsApp, yawanci gudawa kawai yake sa ka. Fara gudu ranar farko alhali shekara biyar kabu-kabu ke kai ka ko'ina, taka sannu tukuna. Sai tilasta ma kai abin da ba ka so, in gudu na gundurar ka buga ƙwallo da 'yan unguwa ko langa ma, Hajiya kuma ki samu maƙwabciya ku riƙa zagaye da yamma kuna hira. Cikin azumi kuwa ni sai bayan tarawi nake motsawa, wasu sun fi son gab da shan ruwa, amma ni jiri yake sa ni.