Yadda ake tuƙa mota kai kaɗai daga Sakkwato zuwa kwazazzaban Azbin

Hanyar Agadas ba baƙuwa ba ce ga Basakkwace. Can Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya bi malaminsa Jibril ɗan Umar neman ilimi, kuma har gobe Hausa za ta kai ka ta dawo da kai. Bayan Agadas ne tsaunukan Azbin suka miƙe, baƙaƙen duwatsu da kwazazzabai masu zurfi, inda tsauni mafi tsawo a Nijar yake, a Bagzan, mita 2,022. Ga yadda mutum ɗaya zai shirya wannan tafiya.

Fara da zaɓen lokaci. Tsakanin Nuwamba da Fabrairu ya fi dacewa. Rana ba ta cika zafi ba, sai dai daren dutse yana da sanyi mai ratsa ƙashi, don haka ka riƙe bargo da rawani saboda ƙurar hunturu. Bazara ba ta tafiya ba ce. Damina kuwa ita ce ta fi ruɗar baƙo, zan dawo kanta.

Na biyu, labarin hanya. Kafin ka sayi ko lita ɗaya ta mai, je tasha ka zauna da direbobin Illela da na Ƙonni. Tambayi wanda ya dawo jiya, ba wanda ya je bara ba. Maganar tsaro a arewacin Nijar ba ta wasa ba ce, a 2025 ma an sace Turawa a cikin garin Agadas. In direbobi suka ce a dakata, dakata.

Sai takardu: fasfo, katin rigakafin shawara, lasin, takardun mota da inshora, da takardar shigar da mota daga ma'aikatan duwan, wato kwastan. Nijar ta fice daga ECOWAS a Janairun 2025, saboda haka ka bincika abin da ake nema a iyaka a makon tafiyarka. Canji kuɗinka zuwa sefa, ka tuna a can da dala ake lissafi, ba ta Amurka ba, dala ɗaya sefa 5 ce.

Motar ita ce abokiyar tafiyarka, kada ka yi mata rowa. Ƙaramar mota ba ta hawa Azbin, sai irin su Hilux ko Land Cruiser masu ja da ƙafa huɗu. Ka tsaya a kan bakanike da kanka ya duba lagireto, birki, fanbel da batir. Ɗauki safaya biyu, jak, famfon iska, shebur, igiyar ja, da jarkokin mai. Ruwan sha aƙalla lita 5 a kowace rana, ka ƙara na kwana biyu a kai, banda na lagireto. Dabino, ƙuli-ƙuli da garin kwaki ba sa lalacewa a zafi.

Ka bar Sakkwato bayan sallar asuba, ta Kware da Gwadabawa zuwa Illela, kusan kilomita 85. Ka tsallaka iyaka zuwa Birnin Ƙonni, ka sayi layin waya na Nijar, ka kwana a Tawa. Washegari akwai kimanin kilomita 400 zuwa Agadas ta Abalak, kwalta ta mutu a wurare da dama. Duk gidan man da ka gani, cika tanki. Ban yarda da tuƙin dare a wannan hanya ba, ko don raƙuma da ke kwanciya a kan titi. Kowace safiya ka faɗa wa wani a gida inda za ka kwana da lokacin da zai ji muryarka.

A Agadas ka huta, ka ga babban masallacin ƙasa mai hasumiyar mita 27, wanda aka gina a 1515. Daga nan kuma kaɗaici ya ƙare. Ka sanar da jami'an tsaro, ka ɗauki ɗan jagora Buzu wanda ya san rijiyoyi da mashigai. Taswirar waya ba ta san inda yashi ya koma bana ba.

Timiya, garin da za ka nufa a cikin Azbin, tana sama da kilomita 200 arewa da Agadas, kuma yawancin hanyar cikin busassun ƙoramu take bi, tsakanin bangayen dutse. In ka shiga yashi mai laushi, rage iskar taya, ka riƙe gudu ɗaya ba tsayawa. In motar ta kafe, daina taka totur, sauka ka haƙe. In ta lalace, zauna a inuwarta, an fi saurin ganin mota a kan mutum.

Ga maganar damina da na ajiye. Kada ka taɓa yada zango a gindin ƙorama, komai daɗin yashinta. Ruwa zai iya sauka a kan tsaunin da ko hadarinsa ba ka gani ba, dutse ba ya shan ruwa, sai ya tattaro ya biyo kwazazzabo da itatuwa da duwatsu cikin dare. Hau tudu ka kwana.

Kafin ka shiga Timiya, ka ce wa jagoranka ya tsaya da kai a inda ruwa ke gangarowa daga dutse zuwa tafki. A cikin gari kuma ka nemi masu lambu, lemo da rumman da inabi suke nomawa a ƙarƙashin dabino.