Kakar farko a Lesta: kada hunturu ya same ka ba ka san kowa ba

Yawancin 'yan uwanmu da ke zuwa birnin Lesta na Ingila karatu, ko a Jami'ar Lesta ko a Jami'ar De Montfort, a watan Satumba suke sauka. Lokacin rana na da sauran ƙarfinta, sai baƙo ya ɗauka haka garin yake. Ranar Lahadin ƙarshe ta Oktoba ake mayar da agogo baya, Ingila ta koma bayan Najeriya da Nijar da awa guda, kuma daga nan kafin biyar na yamma magariba ta yi. A Disamba kuwa tun kafin huɗu rana ta faɗi. Wanda bai yi sabo da mutane tsakanin Satumba da Nuwamba ba zai sha zaman ɗaki, domin da sanyi ya kankama kowa ƙofarsa yake ja.

A waɗannan makonnin ne garin yake cika da taruka, sai dai ba wanda zai zo ya ce maka "tashi mu je". Sanarwa ce kawai ake mannawa a laburaren unguwa, a allon masallaci ko coci, a shafin hukumar birni, ko a saka takarda cikin jakar yaronka. Wannan takardar ita ce goron gayyatar.

Idan kana da yara a firamare, daga nan za ka fara cin karo da harkar taimako. Wajen ƙarshen Satumba ko farkon Oktoba makarantu da yawa kan yi bikin girbi, a ce kowane yaro ya zo da abincin gwangwani, taliya, shinkafa ko madarar kwali. Rumbunan abincin agaji ake kai wa, inda iyalan da abin hannunsu ya gaza suke karɓa. Gwangwani biyu sun wadatar, ba gasa ake ba. A dai duba kada lokacin amfaninsa ya wuce, kuma kada uwargida ta ce za ta dafa ta kai, dafaffe ba ya shiga. Can a Nuwamba kuma akwai ranar Children in Need, gidauniyar yara da BBC ke shirya wa gangami a talabijin tun 1980. Ranar akan bar yara su je ba yunifom, kowa da fam ɗayansa a hannu. Ka riƙe ranar da kyau, don ba abin da ke sa yaro kuka kamar ya ga shi kaɗai ne cikin kayan makaranta.

Na manya shi ne shan kofi na Macmillan, ƙungiyar da ke tallafa wa masu ciwon daji. Tun 1990 ake yin sa, galibi a ƙarshen Satumba, a ofisoshi da makarantu da zaurukan unguwa. Kowa ya kawo kek, a ci, a jefa abin da ya sawwaƙa a gwangwani. A ganina babu taron da ya fi wannan sauƙin shiga ga sabon zuwa. Ka je da cincin ko dubulan, ka rubuta abin da aka yi shi da shi a 'yar takarda, musamman in da gyaɗa, domin a nan akwai waɗanda gyaɗa ke iya kai su asibiti. Tambayar "wannan mene ne?" kaɗai ta isa ta buɗe hira.

Akwai abin da ba a cika gaya wa mutum ba sai ya tsinci kansa a ciki. A irin waɗannan taruka ana yawan sayar da tikitin gwada sa'a, kuma sau da yawa kyautar da ake ci kwalbar giya ce. Wanda zuciyarsa ba ta kwanta ba, ba sai ya yi wa'azi ko ya murtuke fuska ba. Ya ce zai ba da gudummawa amma ba ya son tikiti, ya saka kuɗinsa, shi ke nan. Kusan kashi ɗaya cikin huɗu na mutanen Lesta Musulmi ne bisa ƙidayar 2021, don haka ba kai ne na farko da ya faɗi haka ba. Za kuma a iya miƙo maka fom ɗin Gift Aid, tsarin da ƙungiya ke karɓar ƙarin fam 25 daga gwamnati a kan kowane fam 100 da aka ba ta. Na masu biyan haraji a Birtaniya ne. Ɗalibin da albashinsa bai kai a cire masa haraji ba kada ya sa hannu don kunya, domin shi za a iya bi bashin daga baya. Masu ƙwanƙwasa ƙofa da sunan agaji kuwa, ka nemi katin shaidarsu da lambar rajistar ƙungiyar, ana iya duba ta a shafin Charity Commission, hukumar da ke sa ido kan ƙungiyoyin agaji.

Babban bikin kaka a Lesta shi ne Diwali, bikin fitilu na Hindu, wanda mabiya addinan Sikh da Jain ma suke yi a lokaci guda. Yana faɗowa a Oktoba ko Nuwamba, kuma na titin Belgrave yana cikin mafi girma a wajen Indiya. Ana ƙawata titin da fitilu, shagunan zinare da na alawa su cika maƙil, a hana motoci wucewa. Ibadarsu a gidajensu da wuraren bautarsu take, abin da ke kan titi kallo ne da ciye-ciye. Tsarin bikin ya sha canzawa a 'yan shekarun nan saboda kuɗi da cunkoso, sai a duba sanarwar shekarar. Ka je da ƙafa ko a bas, ka riƙe hannun yara gam.

Daga nan sai ƙarar wasan wuta. Wanda ya fito daga inda aka san ƙarar bindiga da dare, gara ya sani tun yanzu: daga ƙarshen Oktoba zuwa tsakiyar Nuwamba kusan kullum za a ji fashe-fashe. Ranar 5 ga Nuwamba ake wasan wuta don tuna yunƙurin Guy Fawkes da abokansa na tarwatsa majalisar dokoki da albarushi a 1605, kuma babban taron garin a Abbey Park ake yin sa, da tikiti. Doka ta hana harba wutar bayan 11 na dare, amma a daren 5 ga wata an ɗaga zuwa 12, a daren Diwali zuwa 1. A gaya wa yara da tsofaffin da suka zo ziyara kafin su firgita.

Halowin, 31 ga Oktoba, ba dole ba ne. Gidan da ya ajiye kabewa a ƙofa shi yara ke bugawa neman alawa, in ba ka ajiye ba galibi wucewa za su yi. Alawa mai danƙo dai a duba, da yawa akwai jelatin na alade a ciki.

Jan furen takarda da za ka ga mutane sun maƙala a ƙirji a farkon Nuwamba na tunawa da sojojin da suka mutu a yaƙi ne, kuɗinsa na zuwa ga Royal British Legion, ƙungiyar da ke tallafa wa tsofaffin sojoji da iyalansu. Ranar 11 ga wata da ƙarfe 11 na safe ana yin shiru na minti biyu, har a kantuna da tashar jirgi. Ko ba ka saka furen ba, ka kashe magana a waya. Kakanninmu ma suna cikin lissafin, Hausawa da yawa sun yi yaƙin Bama a rundunonin Afirka ta Yamma na 81 da 82.

Wanda ke son ya wuce ɗan kallo, ya ba da lokacinsa. LOROS, gidan kula da marasa lafiyan da ciwonsu ya gagari magani, tana da shagunan gwanjo a unguwanni, kuma Voluntary Action LeicesterShire na haɗa masu sa kai da inda ake buƙatarsu. Awa biyu a mako kana jera kaya za ta ba ka wanda zai tsaya maka shaida ranar neman aiki, abin da sabon zuwa ya fi rasawa ke nan. Mai bizar karatu ya fara tambayar ofishin ɗaliban ƙasashen waje na jami'arsa, domin wani aikin sa kan ana ƙirga shi cikin awa 20 da aka yarje masa a mako.