Yadda ake dora katin ƙarin ƙarfi a Hearthstone ba tare da an yi asara biyu ba

In kana buga Hearthstone a waya, wasan katin nan da kamfanin Blizzard ya fitar a 2014, ka san daɗin katin da ke ƙara wa mayaƙi ƙarfi. Ɗauki katin Blessing of Kings na Paladin, ɗaya daga cikin jaruman da ake zaɓa a wasan: lu'ulu'u 4 (kuɗin sauke kati a wasan) kake biya, ya ƙara bugu 4 da rai 4. Ɗan mayaƙi mai 2/3, wato bugu 2 da rai 3, nan take ya koma 6/7.

Kafin ka dora, fara duba wane jarumi abokin karawarka ya zaɓa. In Mage ne, ka sa a ranka yana iya riƙe da Polymorph, wanda ke mayar da ƙaton naka tunkiya mai 1/1. Shaman kuwa da Hex zai mai da shi kwaɗo. Kati ɗaya ya jefa, naka biyu suka tafi: mayaƙin da katin ƙarin ƙarfin. Kamar mai kiwo ne da ya juye duk dusarsa ga rago ɗaya, ragon ya kwanta ana jibi Sallah. Priest ma yana da Shadow Word: Death, mai kashe duk wanda bugunsa ya kai 5, wato da hannunka ka kai mayaƙin bakin wuƙa.

Sai zaɓen wanda za a dora wa. Kada ka dora wa mayaƙin da ka sauke yanzu, domin galibi sai zagaye na gaba yake iya bugu. Nemi wanda ya riga ya kwana a fili, ka dora, ka kai hari a take. Ko an kashe shi daga baya, ka ci rabin kuɗinka. Mayaƙi mai garkuwar Divine Shield ya fi dacewa, tunda bugun farko ba ya taɓa shi.

Ni a ganina, fara sakin wani babban mayaƙin a matsayin tarko ya fi. Bari abokin karawa ya ƙona katin kisansa a kansa, sannan ka fito da katin ƙarin ƙarfin naka.

A kati 30 da kake shiga da su kuma, kada na ƙarin ƙarfi su yi yawa. Hannu cike da su, fili babu kowa, zaman kallo ne.

Mu nan ƙauyukan Ringim akwai ƙarin magana: sabis. Kowane zagaye yana da lokaci, in ya kusa ƙarewa za ka ga igiya na ci da wuta a allo. Kada ka dora katin ka tsaya hira da mai shagon caji. Lissafa harin tun kafin ka taɓa katin, in ka dora ka buga kafin sabis ya ɗauke.